Ɗan Fari a Gadon Sama

Ni na zaɓi gadon sama da kaina, saboda haka ba ni da wanda zan ɗora wa laifi. Da muka shiga ɗakin, ƙanena, autan gidanmu, ya ajiye jakata a kan gadon ƙasa ya ce, "Yaya, kai ka kwanta nan, ni in hau." Ladabi ya yi, amma ni a kunnena tsufa ya jefe ni da shi. Na ce masa tun ba a haife shi ba nake hawa irin wannan gado a makarantar kwana. Na kama tsanin ƙarfen na haye, ina haɗiye nishi don kada ya ji.

Masaukin wani tsohon gini ne a lungu, bayan babban dandalin birnin Wroclaw na ƙasar Poland, irin masauki mai araha da ɗalibai da 'yan yawon buɗe ido ke sauka. Ɗaki ɗaya ake zuba ku da mutanen da ba ka taɓa gani ba, kowa da gadonsa da 'yar lokarsa. Banɗaki yana can ƙarshen baranda, sai ka yi layi da tawul a kafaɗa. A kicin kuwa kowa ya rubuta sunansa a jikin robar madararsa ya sa a firij, kamar ana zaman gaba. Ɗakin yana warin safa da jiƙaƙƙen takalmi, amma akwai ɗumi, kuma a watan da muka je ɗumi ba abin rainawa ba ne. Auta ya gama karatunsa a wani ƙaramin gari, ya riga ya saki ɗakinsa, an yi bikin yaye su, saura 'yan kwanaki jirgina ya tashi. Shi ya ce mu zo babban birni in ga duniya kafin in koma.

Washegari da hantsi na gane abin da na jawo wa kaina. Wayar Auta ta yi ƙara a ƙasa, ya ɗauka, sai ga muryar Baba ta cika ɗakin tun daga Argungu.

"Auta! Auta na! An tashi lahiya? Mi kac ci?"

Ina kwance a sama, fuskata kusa da silin, ina jin mahaifina yana dariya a ƙarƙashina. Ya tambaye shi sanyi, ya tambaye shi ko ya sa hular da ya aiko masa, ya ba shi labarin ruwan da ya kusa cinye shinkafar fadama da akuyar maƙwabta da ta haifi uku. Can da za su yi sallama sai muryarsa ta sauka, ya ce, "Wancan hwa? A tambaye shi ko ya yi kwana." Auta ya ɗago kai ya ce, "Yaya, ka yi barci?" Na ce na yi. Ya ce, "Ya ce ya yi." Tazarar da ke tsakanina da wayar ba ta kai tsawon hannu ba.

Ni ne wancan. Ni ne ɗan fari a gidanmu, kuma a wurinmu uba ba ya kiran sunan ɗansa na fari, ba ya zama ya yi hira da shi, ba ya kallonsa ido cikin ido. Kunya ce. Ana yaye ni aka kai ni garin Gulma wurin kakata, can na yi wayo. Da na dawo gida na tarar ba ni da suna a bakin Baba, sai "wancan" ko "yaron can". Da na kama aikin koyarwa na zauna Gwadangaji, kusa da Birnin Kebbi, sai aka ƙara mini girma na zama "mutumin Birni". Idan na je gaishe shi, ina durƙusawa zai juya kai wajen bango ya amsa wa bangon. Idan yana son in yi wani abu, Inna ake gaya wa. Ko wannan tafiya ta Poland, ta bakin Inna na ji cewa Baba ya ce ba za a yaye Auta ba tare da wani daga gida ba, a gaya wa mutumin Birni ya shirya.

Na san al'ada ce, ba sai an yi mini wa'azi ba. Na san ba ƙi ba ne. Na sha gaya wa ɗalibaina cewa kunya ado ce. Amma mutum yana iya sanin abu da kansa, cikinsa bai yarda ba. Shi Auta a cinyar Baba ya girma, a kwanon Baba ya ci tuwo, yana jan gemunsa ana dariya. Ni da gemuna ya fara furfura, ban taɓa jin yadda sunana yake fita daga wannan baki ba. Kishi nake yi, kishi irin na yaro, kuma na tsallaka teku da shi a cikin jaka tare da dakuwa da yajin da aka ce in kai wa Auta.

Kullum bayan mun sha shayi a kicin sai mu fita. Gari ne mai kyau, ba zan ci amanarsa ba. Gidajen dandalin dogaye ne sirara, wannan ruwan ɗorawa, wancan kore, wancan ja, sun jeru kamar an shanya atamfofi. Tiram, wato ƙaramin jirgin ƙasa da ke bin tsakiyar titi, yana wucewa yana kaɗa ƙararrawa. A gindin bango da bakin ƙofofi an dasa wasu 'yan gajerun mutum-mutumi na tagulla, wani yana barci, wani yana tura ƙwallo, manya da yara suna bi suna ɗaukar su hoto. Auta ba ya ganin abu sai ya kira Baba. Ya ɗaga waya sama yana juyawa, Baba yana ta "Ikon Allah!" daga can, ni kuma ina biye a baya riƙe da ledar burodi.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne, ni malamin labarin ƙasa ne. Tun kafin in baro Birnin Kebbi na karanta garin nan ciki da waje. Shi kuwa Auta injiniya ne, shekarunsa a ƙasar amma bai san gabas da yamma ba sai waya ta gaya masa. Baba zai tambaya, "Wanga gini mi aka yi cikinai?" Auta ya waiwayo ya kalle ni. In raɗa masa cewa tsohon zauren hukumar gari ne. Ya maimaita da ƙarfi. Baba ya ce, "Kai, Auta, ka san ƙasag ga awa tahin hannunka!" Shi kuma gogan ya yi dariya ya karɓi yabon, ko kunya.

A ɗakinmu akwai wani dattijo da ɗansa, mutanen Fotugal, da kekuna suke yawo ƙasa ƙasa. Uban ya yi sa'an Baba ko ya ɗan gaza, ɗan kuwa ba zai wuce Auta da yawa ba. Waɗannan mutane sun hana ni sakat ba tare da sun sani ba. Dattijon ba ya iya buɗe baki bai kira sunan ɗan ba. Miƙo gishiri, da suna. Ina safata, da suna. Har na haddace sunan, ina jin sa a kaina ina alwala. Su yi gardama a kan wanda ya fi minshari, ɗan ya daki kafaɗar uban, uban ya kamo wuyansa ya sumbaci goshinsa a gaban kowa. Na ce wa Auta wannan ai rashin ta ido ne. Na faɗa da ƙarfi, da Hausa, ina yanka albasa. Amma wata safiya na tambayi ɗan da Turanci ko shi ne ƙarami a gidansu. Ya ce a'a, shi ne babba. Na bar shayina a kan tebur na fita baranda.

Auta ya biyo ni. Yaro ne mai hankali, shi ya sa ma haushinsa ya fi ci na, don ba ka samun inda za ka kama shi.

"Yaya, mi anka yi?"

"Ba komi."

"Tun da munka zo kake hushi da ni. In don Baba na, wallahi kullum sai ya tambaye ka. Ko jiya cewa yay yi in lura ko kana sa rigas sanyi."

"Ba shi da lambata?"

"Haba Yaya, ka san ba ya iyawa."

"To kai ma bari hwaɗa min. Ni ba maras lahiya ba na da za a riƙa aiko min da gaisuwa."

Ya sunkuyar da kai. Ranar muka zaga babbar kasuwar rufi ta bakin ruwa muna kallon kabeji da tuffa da kifi a kan ƙanƙara. Baba ya kira, Auta ya kalle ni, ya mayar da wayar aljihu bai ɗauka ba. Wannan ma ya ba ni haushi, don yanzu tausayina ake ji.

Ana jibi zan tafi, Auta ya koma garin makarantarsu da sassafe don karɓo wasu takardunsa, ya ce sai yamma. Na fita ni kaɗai. Ban bi ta dandali ba, na miƙe wajen gulbi. Sunansa Odra, ya ratsa garin ya rarrabu ya bar tsibirai, ko'ina gada. Na tsallaka wata, na sauka wata hanya ta bakin ruwa da aka shimfiɗe da duwatsu, ganyaye sun yi ja suna zuba. Ruwan ba ja ba ne irin namu na damina, baƙi-baƙi ne, yana tafiya a hankali ba hayaniya. Ina tsaye ina kallon agwagi wayata ta yi ƙara. Na ciro, na ga kiran bidiyo ne, kuma lambar Baba.

Na ɗauka da sauri, don a zatona rasuwa aka yi. Fuskarsa ta fito, kusa ƙwarai, rabin hula da rabin gemu. Yana ganina ya kau da kai, na koma kallon kunnensa.

"Baba, an kwana lahiya?"

"Lahiya lau. Auta na ba a samu ba."

"Ya tahi makaranta, shina cikin jirgi. Wataƙila ba sabis."

"To."

Shi ke nan, maganar ta ƙare. Na ga yatsansa yana lalube yana neman inda zai kashe. Ban shirya komai ba, yatsana ne kawai ya riga nasa. Na danna wurin juya kyamara, fuskata ta ɓace, gulbin ya cika masa waya.

Sai na ga kunnen ya juya. Ido biyu suka dawo, ya matso har hancinsa ya kusa taɓa gilashin. Baba manomin shinkafa ne, amma da ƙuruciyarsa ya yi su, wato kamun kifi, kuma har yau idan ya ga ruwa sai ya tsaya. Auta ya nuna masa gine-gine da tiram da kantuna, bai taɓa tunanin nuna masa ruwa ba.

"Gulbi na?" Ba ni ya tambaya ba, ruwan ya tambaya.

"Gulbi na, Baba."

"Ina yah hito?"

Na gaya masa. Daga duwatsun wata ƙasa ta kudu yake gangarowa, ya ratsa nan, ya yi arewa har ya faɗa teku. Ya ce ashe shi arewa yake yi, ba kamar namu da ke gangarawa ya tarar da Kwara ba. Ya tambaya ko yana cika ya ci gonaki. Na ce an ce ya taɓa cika har ya shiga gari, shi ya sa suka ɗaure bakinsa da dutse. Ya ce, "Sun ji jiki ke nan." Ya tambaya ko yana ƙafewa da rani. Na ce a'a, sai dai wani lokaci da sanyi samansa ya daskare. Ya ce a matsa gaba kaɗan, a nuna masa wancan kwana. Na matsa. Ya ce can inda ruwan ke juyawa akwai zurfi, in da shi ne, nan zai jefa birgi, ragarsa ta kamun kifi.

Haka muka yi ta tafiya. Ni ina bin bakin ruwa riƙe da waya a gabana, shi yana zaune a zaurensa a Argungu yana ba da umarni. A tsaya. A koma baya. Wancan farin tsuntsu mai dogon wuya, ana cin sa? Wancan jirgi ba gwangwalar tuƙi, inji ne? Tun da ba ya ganin fuskata, bakinsa ya sake. Bai ce "kai" ba ko sau ɗaya, komai "a yi", "a duba", amma ni nake amsawa, kuma amsata yake jira. Yatsuna sun sandare don sanyi, ban yarda na sauya hannu ba, ina tsoron kada kyamarar ta juyo ta ɓata komai.

A ƙarƙashin wata gada muka tarar da wani mutum zaune a 'yar kujera yana kamun kifi da ƙugiya. Baba ya ce a tsaya nan. Muka tsaya, mu biyu, muna jira tare da mutumin da bai san da mu ba. Can sandar ta lanƙwasa. Ya jawo, ya jawo, sai ga kifi mai kauri ya kai tsawon damtse. Baba ya ce, "Madalla! Ya samu na miya." Mutumin ya cire ƙugiyar a hankali, ya ɗaga kifin ya ɗauki kansa hoto da shi, sannan ya sunkuya ya mayar da shi ruwa.

"Subhanallahi! Kuɓuce mai yay yi?"

"Sakinai yay yi, Baba."

"Da gangan?"

"Da gangan. Wasu nan don nishaɗi suka kamu."

"Tun sahe shina zaune cikin sanyi, shi kama shi saki? Wanga ko shina da iyali?"

Dariya ta ƙwace mini. Sai na ji tasa ta biyo, irin wadda nake ji daga gadon sama, mai tari a ƙarshe. Muka yi ta yi har mai ƙugiyar ya waiwayo yana harararmu. Ban taɓa yin dariya tare da mahaifina a kan abu ɗaya ba sai ranar, ina tsaye ƙarƙashin gadar mutane, hawaye yana bin fuskata ba mai gani. Daga can na jiyo ladan yana kiran azahar a masallacin unguwarmu. Baba ya gyara murya ya ce, "To. An gode. A koma ɗaki, akwai sanyi." Ya kashe.

Ban gaya wa Auta ba da ya dawo. Abin nawa ne, ban ga dalilin raba shi da mai komai ba. Na saya masa gasasshen kifi da dankali, na yi masa fara'a har ya riƙa kallona da mamaki. Washegari da hantsi na kwanta a sama da wayata a kan ƙirji, na cika ta da caji. Ƙara ta tashi, amma daga gadon ƙasa. "Auta! Auta na!" Da za su yi sallama aka ce a tambayi wancan ko ya haɗa kayansa.

Auta ya zauna can neman aiki, ni na dawo. Na kwana biyu a Gwadangaji na huce gajiya, ranar Juma'a na shiga mota zuwa Argungu. Shinkafa ta nuna a fadama, ana ta yanka. Na shiga wurin Inna na ba ta tsarabarta, ta ce Baba yana ƙofar gida. Bayan la'asar ne, ya zauna a tabarma da abokansa su huɗu ko biyar, tsofaffin da suka san ni tun ina tsumma. Na durƙusa daga gefe na gaishe shi. Ya amsa wa bango kamar kullum, ya ce an dawo lafiya, na ce lafiya lau. Tsofaffin suka yi mini sannu da hanya, na koma can bakin zaure na rakuɓe.

Ashe labari na katse. Baba ya ci gaba daga inda ya tsaya, kuma labarin gulbin ne. Ya gaya musu daga duwatsun kudu yake fitowa, arewa yake yi, an ɗaure bakinsa da dutse, samansa yana daskarewa. Maganata ce yake maimaitawa, ɗaya bayan ɗaya, bai zubar da ko guda ba. Da ya zo kan mai ƙugiya har ya tashi tsugune yana kwatanta yadda ya saki kifin, tsofaffi suna tafa hannu suna salati. Daga yadda suke riga shi dariya na gane ba yau suka fara ji ba.

Ɗaya daga cikinsu, wani mai carbi, ya ce, "Kai dai Auta ya yi maka gata. Kana zaune gida ya kai ka Turai."

Sauran suka ce Allah ya yi wa Auta albarka. Na zuba wa Baba ido. Ya ce amin. Bai gyara ba, kuma na san ba zai iya gyarawa ba, don gyarawar tana nufin ya nuna ni a gaban mutane ya ce ɗana ne ya yi. Na sani sarai. Duk da haka na fara laluben takalmina.

Sai mai carbin ya ce, "Shi gulbin, mi as sunanai?"

A bakin ruwa Baba ya tambayi komai, wannan kaɗai ya manta. Ya dubi tabarma, ya dubi sama, sannan ya ce wa iska, "A nan akwai wanda yas sani."

Na ce, "Odra."

"Odara," in ji shi.

"Odra, Baba."

"Od-ra." Ya faɗa a hankali, yana ɗanɗana shi. Ya sake faɗa. Ya juya wajen abokansa ya koya musu, yana gyara wa mai carbi, yana cewa ba haka ba, a saurara da kyau. Odra, Odra. Ina durƙushe a bakin zauren da aka raɗa mini suna a cikinsa, takalmi ɗaya a hannu, ina sauraron mahaifina yana ta nanata sunan wani ruwa na ƙasar da bai taɓa takawa ba, har ya iya shi tsaf. Na yi kishin Auta shekara da shekaru, na yi kishin ɗan mutumin Fotugal. Ranar nan kuwa, Allah ya sani, gulbin nake kishi.